Yadda ake karatun patoloji: a gwada da hanta

Ɗalibin likitanci da ya fara zirga-zirga a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo a Jos, abin da ya kamata ya fara kamawa a patoloji, wato ilimin yadda cuta ke ɓata jiki, shi ne tushe: yadda ƙwayar halitta ke jin rauni har ta mutu, kumburi, warkewa da tabo, daskarewar jini a jijiya, da yadda ciwon daji (kansa) ke tasowa. Duk wanda ya tsallake nan ya faɗa babin gaɓoɓi, hadda zai yi ta yi, kuma hadda ba ta tsayawa a jarrabawar baka.

Daga nan, kowace cuta ka yi mata tambaya huɗu: me ya kawo ta, ta wace hanya take ɓarna, yaya gaɓar ta koma, me za a gani a jikin mara lafiya.

Ɗauki sirosis, wato cutar da tabo ke mamaye hanta. Ƙwayar cutar hanta nau'in B ta daɗe a jiki, garkuwar jiki tana kashe ƙwayoyin hantar da suka kamu, tabo yana maye gurbinsu, sauran suna tsirowa ƙullutu-ƙullutu. Jinin da ke zuwa daga hanji ya rasa hanya, sai matsinsa ya hau: saifa ta girma, jijiyoyin ƙasan maƙoshi su kumbura har mutum ya yi aman jini. Hanta ta gaza yin albumin, furotin da ke riƙe ruwa a cikin jini, sai ruwa ya taru a ciki da ƙafafu. Ka zana wannan da kibiyoyi a takarda ɗaya, washegari ka sake zana shi daga ka. Inda kibiya ta katse, nan ne ba ka gane ba.

A ɗakin gwaji, idan aka ba ka gaɓa cikin kwalbar fomalin, ruwan da ke hana ta ruɓewa, ka fara faɗin abin da idonka ya gani: girma, launi, fuskar waje, fuskar yanka. Hantar babba lafiyayye kusan kilo 1.5 ce. Ƙullutun da bai kai milimita 3 ba ƙarami ne. Sunan cuta ya zo a ƙarshe.

Silaid kuwa, wato siririn yankan gaɓa a kan gilashi da ake dubawa da madubin ƙara girma (maikiroskof), fara da gilashin 4x mai ƙarancin ƙara girma, sannan 10x, sannan 40x. Masu gaggawa sukan faɗa 40x su ga ƙwayoyin hanta sumul, alhali zaren tabon da ya kewaye su yana waje da inda suke kallo. Cikin rinin da ake sa wa silaid, hematoksilin yana rina tsakiyar ƙwaya shuɗi, iyosin yana rina sauran ruwan hoda.

Ranar da ka karanta hanta, ka nemi izinin babban likita da na mara lafiya ka duba mai ciwon a ɗakin kwanciya, ka kuma karanta sakamakon gwajin jininsa.