Yadda ake yin duwatsun ado da yumɓun roba ba tare da sun fashe ba

Mafi yawan masu fara aikin yumɓun roba a nan Damagaram ba wajen mulmulawa suke samun matsala ba. Hannunsu na da kyau, launin da suke haɗawa ma ba laifi. A wajen gashi aikin ke lalacewa. Mace za ta shirya sarƙa ta saka, kafin sati ya zagayo dutse ya dare gida biyu daga bakin huda, sai ta ce kayan ne jabu. Galibi ba jabu ba ne, ɗanye ta sauke shi.

Ki fara sanin abin da ke hannunki. Wannan ba irin yumɓun da maginan tukwane na Mirriah ke aiki da shi ba ne, babu ƙasa a cikinsa ko kaɗan. Garin roba ne irin ta bututun ruwa, wato PVC, aka cuɗa da wani mai da ke sa shi laushi, da launi. Iska ba ta busar da shi, ko wata nawa ya yi a ajiye. Zafi ne kaɗai ke narkar da ƙwayoyin robar su haɗe su zama abu guda, kuma sai zafin ya kai inda ake so, ya kuma daɗe a nan.

Waɗanda aka fi sani su ne Fimo na kamfanin Staedtler na Jamus, da Cernit na Beljiyam, da Premo na Amurka. Ba kullum ake samunsu a Kasuwar Dole ba, yawanci sai an yi saƙo daga Yamai ko Kano. Duk wadda za ta sayo miki, ki ce ta duba bayan fakiti: in ba a rubuta digirin gashi ba, ta bar shi. Akwai yumɓun wasan yara da ke kama da shi, wanda in ya ji wuta narkewa yake yi, akwai kuma wanda iska ke busarwa, shi kuma ba ya son ruwa. Ta kuma latsa fakitin da yatsa. In ya yi tauri ƙam ba ya lotsawa, ya sha zafi a mota ko a shago, rabin gashi ya riga ya yi, kuma ba abin da zai dawo da shi. Launi biyar sun isa farawa: fari, baƙi, ja, shuɗi da rawaya. Fari ki sayi biyu, shi ke fara ƙarewa. Sauran launuka duk haɗawa ake yi, sayen su ɓarnar kuɗi ce.

Sauran kayan aiki ba su da tsada: farantin tayil guda mai santsi daga masu kayan gini, sabuwar reza, kwalba mai santsi ta murzawa, babbar allura, takardar aluminiyam, da alkol na farmasi. Abu ɗaya ne ba a yi masa rowa, ma'aunin zafi na cikin tanda, mai allura, wanda ake ajiyewa a ciki. In kuɗinki bai kai ki saye shi ba, ki jinkirta sayen yumɓun.

Cuɗawa da mulmulawa

Ki yanki abin da za ki yi aiki da shi ki murtsuke shi a hannu, ki miƙar, ki ninke, ki sake, har sai kin naɗe shi bai tsage a gefe ba. Wajen ninkewa kada ki kulle iska a ciki, domin a wuta za ta kumbura ta fito kamar ƙurji a jikin dutsen. In ya yi ɓarɓashi, ɗigo ɗaya na man jarirai ya isa, kada ki wuce haka a karo guda.

Matsalarmu a nan ta fi karkata ga laushi. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, yumɓun na maƙalewa a yatsa, dutse ba ya tsayawa da siffarsa. Ki yi aiki da asuba ko bayan isha'i. In ya saki da yawa, ki baje shi tsakanin fararen takardu biyu marasa rubutu, ki danne da abu mai nauyi na awa ɗaya ko biyu, takardar za ta tsotse rarar man. Ajiya kuma a leda mai zif, a ƙasa kusa da randa, ban da saman kabad a ɗakin kwano. Kada ki zuba ɗanyensa a irin robar nan mai haske mai ƙaras-ƙaras, yana cin ta. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba. Ki rufe taga, ki goge tayil da alkol, ki fara da fari ki ƙare da ja da baƙi, ki wanke hannu tsakanin launi da launi. Ja na bin yatsa ya ɓata fari nan take.

Don duwatsu su zo daidai, ba a gutsura da ido. Fakitin Fimo na gram 57 yana da tsagi da ya raba shi kashi 8. Ki murza kowane kashi ya yi tsawo, ki yanka shi 6 daidai da abin awo, za ki samu duwatsu 48 masu faɗin milimita 12 ko kusa da haka. Wanda zai wuce milimita 20, ki dunƙule takardar aluminiyam da ƙarfi ki lulluɓe ta da yumɓu mai kaurin milimita 3. Ya fi sauƙin kuɗi, ya fi rashin nauyi a wuya, kuma ya fi gasuwa.

Kada ki huda dutse da ɗumin hannunki a jikinsa, zai lotse. Ki bar su su huta rabin awa. Sai ki shigar da allura kina murza ta a hankali, da kin ga tsininta ya leƙo ta ɗaya gefen ki zare, ki shigar ta can. Haka bakin huda biyu ke fita tsaf. Shatin yatsa kuma a shafe shi da ɗan auduga da alkol tun yana ɗanye.

Gashi

Fimo na gasuwa a digiri 110, minti 30. Cernit tsakanin 110 da 130. Premo wajen 130, minti 30 ga kowane kaurin milimita 6. Ki lura da kayan Amurka: lambar 275 da ke jikin fakiti a ma'auninsu ne na Faranhait, ba namu na Salsiyas ba. Wadda ta ga 275 ta murɗa tanda har ƙarshe, baƙin gawayi za ta kwaso.

Lambar da ke jikin maɓallin tanda ba abin dogara ba ce, musamman ƙananan nan na lantarki da ake ɗorawa a tebur. Ƙarfen wutarsu kunnuwa yake yi ya yi ja, ya mutu, ya sake kunnuwa, don haka zafin hawa da sauka yake yi. Kin sa 110, a ciki yana iya zama ƙasa da 100 yanzu, an jima ya haura 150. Shi ya sa ake ganin dutse ya ƙone a sama alhali cikinsa ɗanye. Kafin ki gasa komai, ki kunna tandar ba kaya, ki sa ma'aunin zafi a daidai inda faranti zai zauna, ki zuba masa ido na minti 20 zuwa 30. Inda kika ga allura ta tsaya a digirin da kike so, ki yi wa maɓallin alama a nan, ki manta da lambar kamfani. Ki bar tayil a cikin tandar kullum, yana riƙe zafi ya rage hawa da saukar nan.

Duwatsu ba a ɗora su kai tsaye a kan ƙarfe ko tayil, inda suka taɓa zai baje ya yi ƙyalli. Hanya mafi arha ita ce ki lanƙwasa farar takarda gaba da baya irin na mafici, ki jera su a cikin kwarin. Takarda ba ta kamawa a digiri 130 muddin ba ta taɓa ƙarfen wuta ba. Ko ki zuba garin sitaci a ƙaramin faranti ki nutsa su a ciki, bayan gashi ki wanke. Ko wace kika bi, ki kifa musu rufi na takardar aluminiyam yadda wutar sama ba za ta dake su kai tsaye ba. Fari da launuka masu haske in ba rufi rawaya suke komawa.

Lokaci kuma ba daga sa'ar da kika saka ake ƙirgawa ba. Buɗe ƙofa na zubar da zafi, sai allura ta koma inda take sannan ki duba agogo. Minti 30 da ke jikin fakiti mafi ƙaranci ne. Dutse mai milimita 12 ki ba shi minti 45 zuwa awa ɗaya. Daɗewa a zafin da ya dace ba ya ƙona shi, ƙarfi ma yake ƙara masa, wucewar zafi ce ke ƙonawa. Tsoron ƙonewa ne ke sa masu koyo saukewa a minti 15, ga kuma tunanin kuɗin wuta. Maganin kuɗin wuta shi ne ki tara aikin kwana biyu ko uku ki gasa lokaci ɗaya, tunda ɗanyen ba ya bushewa. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar gashi, ba asara: in ta dawo ki sake daga farko, ana iya gasa shi sau da yawa.

Wadda ba ta da tanda za ta iya da tukunya da yashi, yadda ake gasa kek, amma a kan gas, da mafi ƙanƙantar wuta. Tukunya mai kauri, yashi mai tsabta ya kai kaurin yatsa uku, a ɗora gwangwani a kai, faranti a kan gwangwanin, ma'aunin zafi a gefen duwatsu. Kada faranti ya zauna a kan yashin, ƙasan ya fi iskar ciki zafi nesa ba kusa ba. Murfin gilas ya fi, don ki riƙa karanta allura ba tare da kin buɗe ba. In ta haura, ki sauke tukunyar a rufe na ɗan lokaci, yashin zai riƙe. Gawayi ban ba da shawararsa ba, ba a iya tsayar da zafinsa wuri guda na tsawon awa. Tafasawa a ruwa ma da wasu ke yi ba ta gasa shi, domin ruwa ba ya wuce digiri 100. Shanya a rana kuwa ko ta Mayu ce, taurin banza kawai za ta ba shi.

In ya ƙone, zai yi baƙi ya yi ƙuraje, hayaƙinsa na yaji a ido da maƙogwaro. Ki kashe wuta, ki buɗe ƙofa da taga, ki fitar da yara. Tukunya da faranti da rezar wannan aiki kuma kada su koma wajen abinci.

Da zafinsa dutse yana da laushi, sai ya huce yake tauri, don haka kada ki yanke hukunci a bakin tanda. A kowane gashi ki haɗa da ɗan siririn yanki mai kaurin milimita 2. Bayan ya huce ki lanƙwasa shi. In ya lanƙwasu ya dawo, aiki ya yi. In ya karye ƙaras, ko farce ya kankare shi ya yi gari, ki mayar da duka cikin wuta.

Gogewa da shiryawa

Gogewa a cikin ruwa ake yi, da takardar goge fenti ta masu gyaran mota, lamba 400, sai 600, sai 1000, sannan a murza da tsohon yadin jins har ya yi sheƙi. A ganina wannan ya fi kowane man ƙyalli kyau. Jan farce da man ƙyalli na fesawa kada su kusanci yumɓun roba: ranar farko za su yi kyau, bayan wasu makonni su yi danƙo su kwashi ƙura. In dole sai kin shafa, ki nemi wanda ake wanke burushinsa da ruwa.

Sarƙar wuya ta yau da kullum santimita 45 ce har da makulli. Kada ki jera manya zalla, ki raba su da ƙananan duwatsun gilas na kasuwa, uku ko biyar a tsakani, ta fi kwanciya a wuya kuma duwatsu 15 sun ishe ki. Siririyar waya mai rigar leda, milimita 0.45, ta fi zaren kamun kifi, wanda ke miƙewa ya riƙe lanƙwasa. Ki zura ta cikin ɗan ƙarfen matsewa, wato ɗan ƙaramin bututun da ke riƙe waya in an matse shi, ta zagaya zoben makulli, ta dawo ta cikinsa, ki matse da filaya. Kafin ki matse na ƙarshe ki lanƙwasa sarƙar ta yi da'ira, in kin matse ta a miƙe za ta sandare. Ƙananan zobba gefe da gefe ake murɗa su a buɗe, ba a wage bakinsu.

Abin hannu ki auna wuyan hannu ki ƙara santimita ɗaya da rabi, zaren roba milimita 0.8, ki ja shi sau da yawa ya saki kafin ki zura, ƙulli biyu, ɗigon gam, ki ja ƙullin cikin hudar dutse. Jigida kuwa zare biyu ake haɗawa, kuma duwatsun yumɓu kada su wuce milimita 6, manya na damun mai su wajen kwanciya. Na 'yan kunne ki lanƙwasa ƙarshen siririn ƙarfen da zai riƙe dutsen kafin ki nutsa shi a ɗanyen yumɓu, miƙaƙƙe zarewa yake yi bayan gashi. Maratayin kunne ki sayi na ƙarfe mara tsatsa, masu arhar nan na sa wa mata da yawa ƙaiƙayi.