Darasi na 7: Tarin ƙirji da yadda ake kula da shi

Iskar da muke shaƙa tana bi ta maƙogwaro, ta sauka cikin wani bututu. A ƙirji bututun ya rabu biyu, ɗaya ya nufi huhun dama, ɗaya huhun hagu, daga nan su yi ta rarrabuwa kamar rassan bishiya. Idan cikin waɗannan bututu ya kumbura, sai majina ta taru, mutum ya yi ta tari yana kaki. Wannan shi ne tarin ƙirji, wanda ma'aikatan asibiti ke kira burankaitis.

Iri biyu ne. Na farko yakan biyo bayan mura: hanci ya toshe, maƙogwaro ya yi kaushi, bayan kwana biyu ko uku sai abin ya sauka ƙirji. Ana iya jin ɗan zazzaɓi da kasala. Na biyu shi ne mai daɗewa, wanda mutum zai yi wata 3 ko fiye yana tari da majina a cikin shekara, shekara 2 a jere. Babban mai kawo shi taba sigari ce, sai kuma shaƙar hayaƙi da ƙura shekara da shekaru.

A Legas hayaƙi ba baƙo ba ne. Mai tsire yana kwana kan wuta. Ɗan acaba da mai tura baro suna wuni a bayan salansar manyan motoci. Ɗan dako a kasuwar Mile 12 yana shan ƙura tun asuba, ya koma ɗaki a Agege inda mutum biyar ko shida ke kwana, janareta na ruri a bakin taga. Uwargida kuma tana girki da gawayi a lungun da iska ba ta ratsawa. Ba kowa ne zai iya sauya sana'a ba, amma ana iya sa takunkumi a wurin ƙura, a fitar da murhu fili, a kai janareta nesa da taga da ƙofa. Kada a taɓa kunna shi cikin ɗaki, domin hayaƙinsa yana kisa cikin barci.

Me za a sha?

Nan ne aka fi yin kuskure. Mafi yawan tarin da ke biyo bayan mura ƙwayar bairos ce ke kawo shi, kuma kafson da ake kira antibayotik ba ya kashe bairos. Mutum zai sayi kafso huɗu a kemis ko a tiren mai talla, ya sha, kuɗinsa ya tafi, tarin yana nan, wataƙila ma ya ƙara da gudawa. Mafi muni, ƙwayoyin cuta suna sabawa da maganin, ranar da ake bukatarsa da gaske sai ya ƙi aiki. Ko majina ta koma ɗorawa ko kore, wannan kaɗai bai nuna ana bukatar kafso ba. Likita ne zai faɗa bayan ya auna ƙirji.

Abin da ke taimakawa yana cikin gida. A huta, a sha ruwa sosai don majina ta yi laushi. Ruwan ɗumi da zuma cokali ɗaya yana rage tari, musamman da dare, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma. Farasitamol yana sauke zazzaɓi da ciwon jiki, a bi adadin da aka rubuta a kwali. Mai shan taba ya ajiye ta, har da shisha. Maganin tari mai kodin kuwa, gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi tun 2018 saboda yadda ya lalata matasa. Kada ku neme shi.

A ƙirga kwanaki

Tarin ƙirji yakan kai mako 3 kafin ya rabu da mutum, ko da zazzaɓin ya tafi tuni. Duk da haka kada ku jira. Idan tari ya cika mako 2, a je asibitin gwamnati mafi kusa a yi gwajin majina, domin tarin fuka ma haka yake farawa. Gwajin kyauta ne, maganin ma kyauta ne, ana shan sa wata 6. A ɗakin da ake kwana a cunkushe, mutum ɗaya yana iya shafa wa sauran. Babu abin kunya a gwaji.

A tafi asibiti ranar, ba tare da ƙirga komai ba, idan an ga jini a majina, ko numfashi yana sarƙewa, ko haƙarƙari yana suka, ko zazzaɓi ya wuce kwana 3. Haka ma mai rama da gumin dare. Tsoho, da mai juna biyu, da mai asma ko ciwon zuciya, a kai su da wuri.

Aikin yi

Ku koyi ƙirga numfashin yaro. Idan ya natsu, a buɗe rigarsa, a duba agogon waya, a ƙirga sau nawa cikinsa ya ɗaga a minti 1. Daga wata 2 zuwa wata 11, numfashi 50 ko fiye ya yi yawa. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye ya yi yawa. Wannan alamar nimoniya ce, wato ciwon huhu, a kai shi asibiti nan take. Yau kowa ya gwada a gida, ya rubuta shekarun yaron da adadin da ya samu a littafinsa, ya zo da shi aji.