Matakan neman izinin soke wani sashe na taswirar fulotai a Sakkwato

Kafin komai, a tabbatar da hukumar da ke da iko a kan filin. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen cikin birni a hannun gwamna, na karkara kuma a hannun ƙaramar hukuma, don haka wanda filinsa ke cikin birnin Sakkwato ma'aikatar filaye ta jiha zai nufa.

Idan filin na karkara ne, sai a ɗauko safiyo mai lasisi ya zana sabuwar taswira, wadda za ta nuna sashen da ake son sokewa da lambobin duwatsun iyakarsa. Daga nan a rubuta takardar neman izini zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, a bayyana dalili, a haɗa da tsohuwar taswira da takardar shaidar mallaka.

Mataki na gaba shi ne samun amincewar maƙwabta a rubuce, musamman idan sashen ya shafi lungun da jama'a ke bi, ko hanyar ruwan damina, ko burtalin shanu. Ya kyautu a zauna da su gaban mai unguwa ko uban ƙasa, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, domin yardar fatar baki tana da wuyar tabbatarwa gaban alƙali.

Bayan jami'an filaye sun je sun duba wurin, kwamitin ba da shawara kan rabon filaye na ƙaramar hukuma zai miƙa mata ra'ayinsa. Idan an amince, a biya kuɗi a karɓi rasit, kuma kada a tone dutsen iyaka ko ɗaya sai takardar izini ta shigo hannu.