Za a yi wa naka aikin ƙwaƙwalwa? Ga abin da za ka gaya wa likitan barci

Jama'a, idan an turo ku daga Gumel ko Rano zuwa asibitin Malam Aminu Kano don aikin ƙwaƙwalwa, kar ku tsaya kan likitan tiyata kaɗai, ku nemi likitan da zai sa barci ku zauna da shi tun kafin ranar.

Bayan allurar barci akwai wata da ake yi mai sakar da tsoka gaba ɗaya don kar mara lafiya ya motsa ko ya yi tari ana tsakar aiki a kansa, inji ne ke masa numfashi. To aikin kai yana cin awanni, ana ta ƙara allurar, jiki kuma yana narkar da ita tana barin wani saura kamar dusa bayan surfe, hanta da ƙoda ne ke fitar da shi. Ɗaya daga cikin irin waɗannan allurai, atrakuriyum, tana barin wani saura mai suna laudanosin, wanda ke iya shiga ƙwaƙwalwa, a gwajin dabbobi ma ya jawo jijjiga lokacin da ya taru da yawa sosai a jiki. Wata allurar kuwa mai suna bekuroniyum, sauran nata ma sakar da jiki yake yi, in ƙoda ba ta da ƙarfi sai ya taru, a gama aiki mutum ya kasa numfashi da kansa da wuri.

Don haka ka faɗi gaskiya. Ciwon ƙoda, ciwon hanta, shawara da mara lafiyar ya taɓa yi, kumburin ƙafa, duk ka faɗa, kuma gwajin jinin ƙoda da hanta da aka rubuta a daure a yi shi ko kuɗin ya yi nauyi. Maganin farfaɗiya irin su Tegretol, kawo kwalin a gani, don masu shansa kullum wasu alluran ba sa jimawa a jikinsu sai an ƙara musu. Jiƙo da tsimin da Inna ke ba shi a ɓoye fa? Shi ma a faɗa, nan ne mutanenmu ke noƙewa wai kar likita ya yi faɗa, wallahi gara faɗan.

Bayan an fito, in an bar shi a kan inji wani lokaci kar hankalinka ya tashi, ana yin haka. Amma in an dawo da shi ɗaki ka ga ido na rufewa da kansa, ya kasa ɗaga kai daga filo ko haɗiye yawu, numfashi sama-sama, kira nas nan take, kuma kar ka ba shi ko kurɓin ruwa sai sun ce.