Yadda za ka nemo sakamakon zaɓen kansilolin da ya wuce, ka kuma karanta shi da kanka

A majalisun shayi na Ngaundere, a Kamaru, gardamar zaɓen meri, wato hukumar magajin gari, iri ɗaya take ƙarewa kullum. Wannan ya ce unguwarsu ce ta ɗora magajin gari, wancan ya ce su ne, a watse babu wanda ya kawo lamba ko ɗaya. Alhali lambobin suna nan a rubuce, kuma mai iya haɗawa da rabawa zai fahimce su ba sai ya yi makarantar shari'a ba. Na yi wakilcin jam'iyya a rumfar zaɓe, na zauna an ƙirga ƙuri'a a gabana, shi ya sa nake son in nuna wa 'yan'uwa, musamman matasanmu, hanyar da nake bi.

Da farko ka tsayar da zaɓen da kake nema. An yi zaɓen kansiloli a Kamaru a 1996, da 2002, da 2007, da ranar 30 ga Satumba 2013, sai kuma ranar 9 ga Fabrairu 2020. Wa'adin kansila shekara 5 ne, amma akan ƙara shi, dalilin da ya sa waɗanda aka zaɓa a 2013 suka kai har 2020 ke nan. Sannan ka tsayar da komin ɗinka, wato ƙaramar hukumarku. Ƙasar tana da komin 360, kuma babu wani abu mai suna sakamakon Ngaundere dunƙule. Akwai Ngaundere ta ɗaya, da ta biyu, da ta uku, kowacce da nata lis, wato jerin 'yan takarar kowace jam'iyya, da nata kujeru. Haka Garwa, haka Marwa. Mutumin da ya jefa ƙuri'a a Dang, wajen jami'a, da wanda ya jefa a cikin gari, ba takara ɗaya suka raba ba.

A 2013 da 2020 an haɗa zaɓen kansiloli da na 'yan majalisar dokoki rana ɗaya, akwati biyu a rumfa ɗaya. Ka kula da wannan sosai, domin da yawa daga cikin alƙaluman da ke yawo a Facebook da WhatsApp na 'yan majalisa ne aka liƙa musu sunan meri. Sakamakon 'yan majalisa daga Yawunde ake shelanta shi. Na kansiloli kuwa a gida ake yi: kowace komin tana da kwamitin sa ido, wanda ya ƙunshi mutanen hukumar zaɓe ELECAM, da wakilan gwamnati, da wakilin kowace jam'iyyar da ta shiga takara, kuma doka ta ba shi awa 72 bayan rufe rumfuna ya faɗi sakamako. Saboda haka abin da kake nema yana kusa da kai.

Ni ina farawa da ofishin jam'iyyu. Kowane wakili da ya zauna a rumfa yana da haƙƙin karɓar kwafin takardar sakamako, wadda kowa ke kira PV, kuma jam'iyyar da ta san abin da take yi tana tattara su ta adana. Ka je wajen wadda ta ci, ka je wajen wadda ta faɗi, ka gwada biyun. Daga nan sai reshen ELECAM na komin ɗinku. Ka tafi da katin shaidarka, ka gaisa da kyau, ka rubuta buƙatarka a takarda da Faransanci, ka ajiye kwafi. Tsofaffin jaridu ma suna taimakawa: Cameroon Tribune ta gwamnati da L'Œil du Sahel da ke bin labaran arewa, na kwanakin da suka biyo bayan zaɓen. Sai kuma meri kanta. Dokar ƙananan hukumomi ta 24 ga Disamba 2019 ta ba duk mazaunin komin ko mai biyan haraji a cikinta damar neman kwafin bayanan zaman majalisa da kasafin kuɗi, shi zai biya kuɗin kwafin. Bayanin zaman farko shi ne zai nuna maka su wa suka zauna a kujerun.

Yanzu ga PV a hannunka. Kafin idonka ya sauka kan sunan jam'iyya, ka duba lambobi huɗu da ke sama: waɗanda suka yi rajista, waɗanda suka fito suka jefa, ƙuri'un da suka lalace, da ƙuri'un da suka inganta. Ka haɗa lalatattu da ingantattu, dole su ba ka adadin waɗanda suka jefa. Ka haɗa abin da kowane lis ya samu, dole ya ba ka ingantattu. Masu jefawa kada su zarce masu rajista da wani abin a zo a gani, kuma rumfa ɗaya bai kamata ta wuce mutum 500 ba. In lissafi bai hau ba, ka sa alama, ka nemi kwafin wani wakilin ka gwada. Sau da yawa gajiya ce. Rumfa tana buɗewa ƙarfe 8 na safe ta rufe 6 na yamma, a fara ƙirga bayan magariba a cikin ajin makarantar firamare, wani yana haska tocilan waya, wani yana buɗe ambulan yana ɗaga takarda sama kowa ya gani, wani yana jan layi a allo da alli, huɗu a tsaye na biyar ya ratsa su. Mutumin da ya wuni a tsaye yana iya rubuta 7 ta yi kama da 1. Amma ka sani cewa idan kwafi biyu suka saɓa, wanda ke hannun ELECAM shi doka ta ce a dogara da shi.

Layin ƙuri'un da suka lalace shi ne ya fi ci mini rai. A wajenmu kowane lis da takardarsa, mai zaɓe ya kwashi duka ya shiga bayan labule, ya sa ɗaya a ambulan, ya zubar da sauran. In ya sa biyu na jam'iyyu daban, ta lalace. In ya bar ambulan babu komai, ko ya yi rubutu a kan takardar, ta lalace. Na ga iyayenmu mata da suka bar girki suka tsaya a layi cikin rana, a ƙarshe aka ware ƙuri'arsu gefe don babu wanda ya zauna ya nuna musu. Idan ka ga rumfunan unguwarku sun fi na maƙwabta yawan lalatattu, ka riga ka san aikin da ke gabanka.

Sai rabon kujeru, inda yawancin mutane ke ɓacewa, kuma a nan zan daɗe. Yawan kujeru yana bin yawan jama'a: komin da ba ta kai mutum dubu 50 ba tana da kansila 25, daga nan 31, sai 35, sai 41, mafi girma 61. Ba mutum ɗaya kake zaɓa ba, lis kake zaɓa gaba ɗayansa, kuma zagaye ɗaya ne. Dokar zaɓe ta 2012 ta ce lis ɗin da ya samu fiye da rabin ingantattun ƙuri'u ya kwashe kujerun duka. In babu wanda ya haura rabi, wanda ya zo na ɗaya a ba shi rabin kujeru, in da ɓari a cika masa. Sauran rabin a raba wa duk lis ɗin gwargwadon ƙuri'unsu, har da shi na ɗayan, amma wanda bai kai kashi 5 cikin ɗari ba ba ya cikin rabo.

Mu ƙaddara misali, lambobin nawa ne don a gane hanya. A ce komin mai kujera 31, ingantattun ƙuri'u 20,000. Lis na farko ya samu 9,000, na biyu 7,000, na uku 3,200, na huɗu 800. Babu wanda ya haura dubu 10. Na farko ya ɗauki rabin 31, wato 15 da rabi, a cika masa 16. Saura 15. Na huɗu kashi 4 ya samu, ya fita. Ƙuri'un ukun da suka rage 19,200 ne, ka raba gida 15, kowace kujera ta tashi a kan 1,280. Na farko ya sami 7 da ragowar 40, na biyu 5 da ragowar 600, na uku 2 da ragowar 640. An raba 14 ke nan, kujera ɗaya da ta rage ta tafi ga mai ragowa mafi yawa, wato na uku. A ƙarshe na farko 23, na biyu 5, na uku 3.

Ka tsaya ka dubi wannan da kyau. Tazarar ƙuri'a dubu 2 ce tsakanin na ɗaya da na biyu, amma a zauren majalisa 23 ne da 5. Da na farko ya kai 10,001, da sauran ba su ga ko kujera ɗaya ba. Mutum 800 na lis na huɗu kuma, da sun zama 1,000 cikin 20,000 ɗin da sun shiga rabo. Shi ya sa idan ka ji an ce jam'iyyar RDPC ta ci komin 316 cikin 360 a 2020, bayan 305 a 2013, ka gane cewa komin ake ƙirgawa. Lambar ba ta gaya maka inda aka ci da tazara mai nisa da inda aka tsallake da ƙyar. Ka tuna kuma jam'iyyar MRC ta Maurice Kamto ta ƙaurace wa zaɓen 2020. A arewa takarar ta fi zafi ne tsakanin RDPC da UNDP ta Bello Bouba Maïgari, da FSNC ta Issa Tchiroma Bakary, da MDR a yankin Arewa Mai Nisa.

Abin da na fi so mu Hausawa mu riƙe shi ne na gaba. Ana ba da kujeru ne bisa jerin sunaye kamar yadda jam'iyya ta miƙa su, daga sama zuwa ƙasa. Doka ta ce lis ya yi la'akari da al'ummomin da ke zaune a komin da kuma mata, don haka da wuya ka ga lis babu ɗan unguwarmu a ciki. Za a zo wajen sarkin Hausawa da goro da gaisuwa, a ce ranka ya daɗe ga ɗanku mun sa shi. Tambayar ita ce a lamba nawa. A misalin da na bayar, wanda ke lamba 6 a lis na biyu ya biya kuɗin ajiyarsa sefa dubu 50 kamar kowa, ya zaga gida gida, unguwa ta fito dominsa, kuma bai shiga majalisa ba. Don haka ka nemo tsohon lis ɗin gaba ɗaya, wanda aka liƙa kafin zaɓe, ka ajiye shi kusa da sakamako, ka ja layi a inda kujerun jam'iyyar suka tsaya. Ka ga su wa ke sama da layin, su wa ke ƙasa, daga wace unguwa. Daga nan ka haɗa ƙuri'un rumfunan unguwarku kaɗai ka ga kashi nawa ne na abin da lis ɗin ya samu. Wannan lambar ita ce abin da dattijanmu za su riƙe a hannu ranar da aka dawo neman goyon baya, domin mai kuɗi a hannu ba kamar mai roƙo yake ciniki ba.

Kada ka rufe littafi a kan abin da aka faɗa daren shela. Mai zaɓe ko ɗan takara yana da kwana 5 ya kai ƙara kotun da ke duba shari'ar hukuma, ana iya ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ƙoli, kuma kotu tana iya soke zaɓen komin a sake. Ka tambayi lauyan jam'iyya ko sakataren meri ko an yi shari'a a kan taku.

Magajin gari kuwa ba ya cikin PV ko kaɗan. Kansiloli ne ke zaɓarsa daga cikinsu, shi da mataimakansa, a zaman farko da furfe, wato jami'in gwamnati mai kula da gunduma, ke kira, kuma ba dole ne ya zama na ɗaya a lis ba. A birane 14 masu babbar hukuma, ciki har da Ngaundere da Garwa da Marwa, akwai wani hawa a sama. A da shugaban ƙasa ne ke naɗa wakilin gwamnati ya riƙe birnin. Dokar 2019 ta mayar da shi magajin birni, wanda kansilolin duk komin ɗin birnin ke haɗuwa su zaɓa, da sharaɗin ya zama ɗan asalin yankin. Ta haka Bobbo Salihou na UNDP ya hau a Ngaundere a 2020, Sali Babani kuma a Marwa. In kana son ka gane yadda aka yi, ka haɗa kujerun kowace jam'iyya a komin ukun. Kansilolin nan suna kuma cikin masu zaɓar sanatoci 70 cikin 100, su ne suka zaɓi mafi yawan 'yan majalisar yankuna ranar 6 ga Disamba 2020, lokacin da UNDP ta ci Adamawa, RDPC ta ci sauran yankuna tara.

Abu na ƙarshe da za ka cire shi ne tazarar da ke tsakanin masu rajista da waɗanda suka fito, rumfa bayan rumfa, ka kuma ƙiyasta samari da 'yan matan layinku da suka cika shekara 20 ba su cikin rajista ma sam. Ka rubuta duka a littafi ɗaya, shafi guda ga kowace rumfa, ka ɗauki hoton kowane PV da waya ka tura wa mutum biyu da ka amince da su, don takarda tana jiƙewa kuma gara tana cin ta. Rajistar masu zaɓe tana buɗewa daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Agusta, a reshen ELECAM na komin ɗinku, kuma katin shaidar ɗan ƙasa ake tafiya da shi.