Yadda na mayar da rajistar zaɓena zuwa sabuwar mazaɓa

Matsalar ita ce na sauya ƙaramar hukuma, amma katin zaɓena yana ɗauke da tsohuwar rumfa, kuma ba a jefa ƙuri'ar kansila sai inda sunan mutum yake.

Da farko na yi niyyar sake rajista. Kuskure ne babba: rajista sau biyu laifi ne, na'ura kuma tana gano ta ta hoton yatsa da fuska. Neman sabon kati a matsayin wanda ya ɓata ma bai magance komai, tsohuwar rumfar zai fito da ita.

Abin da ya yi aiki shi ne neman sauya wuri a shafin intanet na hukumar zaɓe, INEC, lokacin da rajista take buɗe. Na buɗe asusu, na shigar da lambar VIN, wato lambar shaidar mai zaɓe da ke jikin katin (a kula, sifiri da harafin O suna rikita mutum), na sa sabon adireshi, sannan na zaɓi jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa da rumfa mafi kusa da gida. Na adana takardar shaidar da ta fito.

Da katin ya fito, ni da kaina na karɓa a ofishin sabuwar ƙaramar hukumar, don ba a ba ɗan aike. Alhamdulillahi, hankalina ya kwanta.