Yadda ake zaɓen kayan wasan jarirai a kasuwannin Makka da Jidda

Duk wanda ya shiga shagunan kayan araha na Jidda da ake kira "abu riyalain" ko layukan 'yan tsaraba na kewayen Harami ya san abin da ke fara ɗaukar ido: motoci masu walƙiya, raƙuma masu waƙa, bindigogin roba. Yawancinsu ba na jariri ba ne, ko mai shago ya rantse. Barkar suna za ka je, ko goron Sallah ne, ko tsarabar jikoki, ga yadda za ka bi.

Da farko tambayi uwar yaron watanninsa nawa, kada ka yi kirdado. Ɗan jinjiri ba ya gani sosai sai abin da ke tazarar santimita 20 zuwa 30, don haka shimfiɗa mai laushi ko ƙyalle mai zanen baƙi da fari ya ishe shi. Daga wata 4 yana cafka, komai sai baki: ba shi kacau-kacau marar nauyi da zoben roba na sosa dasashi. Mai rarrafe ƙwallo yake so, da kofunan da ke shiga cikin juna. Mai tatata kuwa, motar turawa, littafin kwali mai kauri, ko 'yar tsanar ƙyalle. Haɗa mata da ɗan zanin goyo ka ga ikon Allah.

Na biyu, gwada girman abin, nan ne maganar take. Ƙa'idar 'yan ƙasa da shekara 3 ita ce, abin da zai shige bututu mai faɗin santimita 3.17 yana iya maƙalewa a maƙogwaro. Ba sai da ma'auni ba, kwalin tsakiyar tishu ya isa: in abin wasan ya wuce ta ciki, kada ka saya. Sannan ka ja idon 'yar tsanar da farce, ka murɗa tayar motar, ka girgiza kacau-kacau ɗin ka ga ko bakinsa zai buɗe. Abin da yatsanka ya ɓalle, haƙorin yaro ma zai ɓalle shi.

Na uku, juya kwalin. Jan da'ira mai fuskar yaro da 0-3, an ja layi a kai, na nufin ba na ɗan ƙasa da shekara 3 ba ne. Nemi kuma tambarin G na ƙasashen Larabawan Gulf, mai nuna kayan sun cika ƙa'idar inganci. Roba mai warin fetur, ko fentin da ke bin hannu, bar wa mai shago kayansa.

Na huɗu, batir. Ƙaramin nan mai kama da maɓalli, in yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona masa maƙoshi cikin awa 2. Murfinsa ya kasance da sukuru ya ɗaure. In abin ya faru, Allah ya kiyaye, asibiti nan take ko a kira 997, lambar motar asibiti a Saudiyya, ba a tsayawa sa shi amai. Ƙananan maganaɗisu, balan-balan da ƙwayoyin nan masu kumbura cikin ruwa duk sahu ɗaya suke.

Keken koyon tafiya kuwa ni ban ba da shawara ba, balle a gidajenmu na bene masu matattakala. Kanada ta hana sayar da shi tun 2004.

In ka kawo gida, yanke igiyoyi da takardun da ke rataye, jefar da ledar, a wanke abin da ruwa da sabulu kafin ya kai hannun yaro.